Dalilin da Ya Sa Ɗalibai Ke Gudun Darasin Tarihi: Laccar da Aka Gabatar a Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, abokan aikina masu riƙe da alli, da ku ɗalibai da na hango kun cika bayan zaure, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi magana a kan abin da ya sa yaranmu ba sa son darasin tarihi, kuma na amsa ne domin na shafe fiye da shekara ashirin ina koyar da shi a makarantun sakandare na garin nan, saboda haka idan akwai laifi a cikin al'amarin, ina da kaso a ciki.

Zan fara da wata rana da ban manta da ita ba. Lokacin bazara ne, bayan an dawo daga tara, na shiga aji na cika allo da tsare-tsaren mulkin da Turawa suka yi wa Najeriya: na Clifford a 1922, na Richards a 1946, na Macpherson a 1951, da na Lyttelton a 1954. Yara suna ta kwafa, wasu suna gyangyaɗi, sai wani ya ɗaga hannu. Na yi murna, na ɗauka tambaya zai yi a kan darasin, ashe abin da ke damunsa shi ne: "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" Da na ce zai iya fitowa, sai ya sunkuya ya ci gaba da rubutu. Yaron nan kuwa na san shi. Idan aka yi hawan salla, yakan tsaya a ƙofar fada ya gaya maka wane hakimi ne ke tafe tun daga nesa, daga wane gida ya fito, da kirarin da ake yi masa, ba tare da ya taɓa rubuta ko ɗaya a littafi ba. Wanda ke riƙe da wannan duka a ka ba za a ce ya ƙi labarin magabata ba. Abin da na rubuta a allo ne ya ƙi, kuma yana da hujja.

Mun mai da tarihi jerin shekaru da sunaye da ake haddacewa a amayar ranar jarrabawa, sa'an nan muka ba da shi cikin harshen da yaro bai gama mallaka ba. Ɗalibin da ke fama da Turancin jimlar da ke gabansa ba shi da sauran ƙarfin da zai tambayi dalilin da ya sa abu ya faru. Ya kwafi abin da malami ya rubuta, malamin kuma ya kwafo daga tsohon littafinsa na kwaleji, har a kai ga yaro ya rubuta cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796, bai tsaya ya yi tunanin masuntan da mutumin ya tarar a bakin ruwan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne nisan da muka sanya tsakanin yaro da darasin, alhali a Zariya muke. Ɗalibi ya fito daga cikin birni da safe, ya ratsa Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Gayan, ya wuce ragowar ganuwa da ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suka cinye, ya zo aji a ce masa tarihi abu ne da ya faru a wata duniya. Na sha tambayar ɗalibai wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, inda da yawansu ke salla, ba na samun amsa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara, kuma masana gine-gine daga ƙasashen waje sun zo sun yi nazarin bakan-gizonsa. Haka kuma kaɗan ne suka san cewa sunan babban birnin ƙasar nan daga nan gida ya samo asali: lokacin da Malam Musa ya ci Zazzau a zamanin jihadi, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, kuma da aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin tarayya sai tsohon garin ya koma Suleja. Duk ajin da na ba wannan labari, gyangyaɗi yakan ƙare nan take. Hatta sunayen unguwanni darasi ne. Sabon Gari da Tudun Wada ba su faɗo daga sama ba. Zuwan jirgin ƙasa da tsarin Turawa na raba baƙi da 'yan gari ne suka haife su.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi wannan zurfi, wadda nake so malamai su saurara da kyau. Muna ba yaro sakamakon bincike, muna ɓoye masa binciken kansa, alhali daɗin tarihi a wurin gardamar yake. Ku ɗauki Sarauniya Amina. A aji ana faɗin labarinta kamar an tabbatar da kowane harafi. To amma tsohon littafin nan na Tarihin Kano ya ambace ta ne a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni arba'in da goro dubu goma. A ɗaya ɓangaren, labarin da muka gada a nan Zazzau ya ce 'yar Bakwa Turunku ce, wanda ake sanya sarautarsa a wajen 1536. Tsakanin maganganun biyu akwai kimanin shekara ɗari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo zancenta a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Wanne za a ɗauka, kuma bisa wace hujja? Wane ne ya rubuta kowane labari, yaushe, kuma don wa? Da na jefa wa wani aji wannan tambaya, sai da aka kaɗa ƙararrawa suna musu, wata yarinya ta dage cewa watakila Amina biyu aka yi aka haɗe su. Ban ce ta yi daidai ba, amma a ranar ta yi aikin masanin tarihi, ta auna shaida ta fitar da zato, abin da shekara uku na kwafar allo bai taɓa sa ta yi ba.

Abin mamaki shi ne, a garin nan aka raya irin wannan koyarwa. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, Farfesa Abdullahi Smith ya kafa sashen tarihi da ya yi suna a Afirka, shi ne kuma ya tuhumi yadda ake ɗaukar labarin Bayajidda a matsayin asalin ƙasashen Hausa ba tare da bincike ba. Bayansa Dakta Yusufu Bala Usman ya koya wa ɗalibai cewa kowace majiya, ta baka ce ko rubutacciya, ta Bature ce ko ta malamin fada, sai an tambaye ta inda ta fito. Daga Samaru zuwa makarantun cikin gari tafiyar 'yan mintoci ce, amma wannan tarbiyya ba ta sauko ajin sakandare ba.

Ba zan ɗora komai a kan malami ba, domin hukuma ma ta taka rawarta. Daga zangon karatu na 2009 zuwa 2010 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa, kuma sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi. A tsakanin nan yara sun fahimci saƙon sarai: abin da hukuma ta ajiye gefe ba shi da daraja. Masu zuwa babbar sakandare suka koma darasin gwamnati, wanda suke ganin ya fi sauƙin ci a WAEC da JAMB, kwalejojin horon malamai suka rasa masu neman fannin, har ya zama a makarantu da yawa wanda ba shi da isassun darussa a jadawali shi ake miƙa wa tarihi. Iyaye kuma, a gaskiya, tambayarsu ɗaya ce: "In ya karanta tarihi, me zai ci?"

Sai kuma tsoro. Muna tsallake duk abin da ke da zafi. Ba ma son zancen bauta da rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, a ƙasar Zazzau, ba ma son zancen juyin mulki da kashe-kashen da suka faru a 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970, ba ma ma son zancen yadda Turawa suka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi suka kai shi Lakwaja. Yaro kuwa yana jin gutsattsarin waɗannan a majalisa da kuma a wayar hannu, galibi a gurguje kuma a karkace, sai ya lura cewa aji ne kaɗai wurin da ba a faɗin abin da ke da muhimmanci. Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya, kuma a nan rowar ce ta fara.

Shekarar da na kusa barin aiki na nemi wata makaranta da nake koyarwa ta ba ni mota in kai ɗalibai Kufena da Turunku, tsofaffin mazaunan sarautar Zazzau, aka ce babu kuɗin mai. Sai na ce kowa ya je gida ya zauna da wanda ya fi kowa tsufa a gidansu, ya tambaye shi yadda kakanninsu suka zo unguwar da suke, ya rubuto mini da Hausa ko da ajami, yadda ya fi masa sauƙi. Wani yaro da bai taɓa cika shafi ɗaya ba ya kawo shafi shida a kan kakansa da ya yi dako a tashar jirgin ƙasa lokacin cinikin auduga da gyaɗa, har da sunayen da 'yan dako ke kiran Turawan kamfani da su. Babu gurbin wannan aiki a takardar ba da maki, don haka na sanya masa a makin gwajin aji.

Shugaba yana yi mini alama cewa lokaci ya yi, kuma na ga hannaye a baya tun ɗazu. Bari mu fara da ɗalibai kafin malamai.