Fijo 504: daga Sosho zuwa Kakuri

(An rubuta wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron kanikawa da direbobi a Kaduna.)

Jama'a, assalamu alaikum. Iyayena da ƙannena da ke wannan zaure, na san akwai waɗanda a cikin 504 suka fara koyon riƙe sifana, saboda haka ku yi mini haƙuri in na faɗi abin da kuka fi ni sani.

A watan Satumba na 1968 kamfanin Peugeot, wato Fijo, mai masana'anta a garin Sosho, ya fito da ita a Faransa. Da tun kafin nan za ta fito, sai yajin aikin da ya tsayar da ƙasar a watan Mayu ya jinkirta ta. 'Yan Italiya na gidan Pininfarina ne suka zana jikinta, shi ya sa bayanta ya ɗan sunkuyo kamar an danna shi da hannu. A 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai.

Injinta na farko silinda huɗu ne, cc 1796, a shekarar 1970 aka ƙara shi zuwa cc 1971. Ba wani injin gudu ba ne, ku ma kun sani. Ni a wurina sirrinta yana ƙasa. Wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashinta ya ga firofela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ba a waje take ba, an sa ta cikin wani bututun ƙarfe, ƙasa da dutse ba sa kai mata. Ga tsayin ƙafa, ga shokazoba mai dogon numfashi. Ka shiga rami, sai ta lanƙwasa ta fito, fasinja na baya bai ko farka ba. Tayoyin baya ne ke turawa, kabireta kuwa yaron gareji ma zai kwance ta ya wanke da fetur a cikin kwano. A 1975 direba Ove Andersson ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da ita.

A wannan shekarar ce aka fara haɗa ta nan Kakuri, a masana'antar PAN, wato kamfanin Fijo na Najeriya. Abin da matasa ba su sani ba, kayan haɗin a jirgin sama ake kawo su daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, sannan a ɗauko su zuwa Kaduna. Kayan mota a jirgin sama, jama'a!

Daga nan kowa ya san labarin. Motar gwamnati ita ce, motar tasha ita ce, har da a-kori-kurarta mai ɗaukar buhunan hatsi ranar kasuwa. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, mu kuwa muka ci gaba har wajen 2006.

Alhaji da ke can baya ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, a miƙa masa abin magana.