Bindigar da ta zauna a hannu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya shafi wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin masu riƙe ƙaramar bindiga bisa doka, musamman a Amurka, inda kotun ƙoli ta tabbatar wa ɗan ƙasa 'yancin ajiye ta a gida a shekarar 2008. Gardamar ita ce: wace bindiga, kuma wane harsashi, ya fi dacewa da kare kai? Tun farko mu faɗa, ba ko'ina doka ta yarda ba. Birtaniya, alal misali, ta hana farar hula mallakar mafi yawan irin waɗannan bindigogi tun 1997. Don haka maganar ta masu lasisi ce, a inda ake bayarwa.

Idan aka tambayi masu koyar da harbi goma, za a iya samun amsa goma, kuma kowa da hujjarsa. Wannan ya sa wasu ke cewa abin ra'ayi ne kawai, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Akwai gaskiya a ciki, amma ra'ayin yana da iyaka, kuma ana gwada shi a filin harbi ne, ba a gaban kantar mai sayarwa ba.

Mu fara da hannu. Mutum ya kama mariƙin bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta, ya cusa shi sosai a tsakanin babban yatsa da manuniya, bakinta ya yi layi ɗaya da ƙashin dantsensa. Daga nan ya miƙa manuniya zuwa kunama. Idan tsokar gaɓar farko ta zauna a kai ba tare da ya murɗa hannu ba, to sun dace. Idan kuwa sai ya zagayo da tafinsa kafin ya kai, bindigar ta yi masa girma, kuma duk lokacin da ya ja kunama bakin zai karkace. Mai ƙaramin hannu da ya ɗauki mai kaurin mariƙi don an ce ta fi cin harsashi da yawa, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Sai batun girma, inda sababbin shiga suka fi yin kuskure. Ido yana ganin ƙaramar bindiga sai ya ce ai wannan za ta yi sauƙin sarrafawa. Akasin haka ne. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke turo bindiga baya, kuma nauyin ƙarfe ne ke shanye wannan shurin. Libarba, wato bindigar da gidan harsashinta ke juyawa, mara nauyi ta Smith & Wesson mai cin harsashi biyar, wadda nauyinta bai wuce gram 400 da ɗoriya ba, tana dukan tafin hannu har mutum ya ƙosa kafin ya gama kwalin harsashi guda. Glock 19 kuwa, mai ɗaukar harsashi 15, ta fi ta nauyi da tsawon hanci, kuma nisan da ke tsakanin saitin gaba da na baya yana rage kuskure. Ƙanana irin su SIG P365, da ta fito a 2018 tana ɗaukar 10, sun yi farin jini saboda sauƙin ɗauka, sai dai suna neman horo fiye da manya. Wanda bindigarsa ke ciwo a hannu ba zai riƙa atisaye da ita ba, kuma wanda bai yi atisaye ba, alamar kamfani ba za ta cece shi ba.

Libarba ko mai magazin, wato gidan harsasai da ake cusawa cikin mariƙi? Nan ra'ayi yana da faɗi. Libarba ba ta damu da yadda aka riƙe ta ba, kuma idan harsashi ya ƙi tashi, sake jan kunama kawai zai kawo na gaba. Amma kunamarta na da tauri, sau da yawa ta kai nauyin kilo biyar, ga ƙarancin harsashi da jinkirin sake cikawa. Mai magazin irin Glock kunamarta wajen kilo biyu da rabi ce, sai dai tana bukatar tsayayyen wuyan hannu. Idan wuyan hannu ya saki, murfin sama ba ya komawa baya sosai, sai kwanson harsashin da aka harba ya maƙale a tsaye a bakin ramin fita, bindiga ta tsaya cak. Tsoho mai ciwon gaɓoɓi da ba ya iya jan murfin, ko mai rauni a yatsa da ba ya iya jan kunamar libarba, jikinsu ne zai yanke musu hukunci.

Yanzu ga inda aka fi tada jijiyar wuya: faɗin harsashi. Masoya .45, harsashin bindigar nan ta 1911 da John Browning ya ƙera, suna cewa babban rami ya fi. Masu 9mm suna cewa yawa da saurin sake saiti sun fi. Tarihin FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, yana da abin cewa a nan. A ranar 11 ga Afrilu, 1986, jami'anta suka yi musayar wuta da 'yan fashi biyu a birnin Mayami. An kashe jami'ai biyu, an raunata biyar. Wani harsashin 9mm da ya sami ɗaya daga cikin 'yan fashin tun farkon artabun ya tsaya gab da zuciyarsa, mutumin ya ci gaba da harbi. Hukumar ta ɗora laifi a kan rashin nutson harsashi, ta koma 10mm, wanda shurinsa ya fi ƙarfin jami'ai da yawa, daga nan ta koma .40. Bayan kusan shekara talatin sai ga ta ta dawo kan 9mm, don harsasan zamani sun inganta, kuma jami'anta sun fi samun abin da suka auna da shi.

Abin da ya fito daga wannan dogon zagaye shi ne ma'auni. Ana harba harsashi cikin wani daskararren abu mai kama da tsoka, ana so ya nutse inci 12 zuwa 18, wato kimanin santimita 30 zuwa 46, ko da ya ratsa tufafi masu kauri. Ƙasa da haka bai isa ba. Sama da haka yana iya fita ya sami wanda ba ruwansa. Shi ya sa ake fifita harsashi mai rami a goshi, wanda ke buɗewa ya tsaya, a kan mai dunƙulen kai da aka lulluɓe da jan ƙarfe, wanda ya fi araha, ya fi dacewa da atisaye, amma yakan wuce ya huda bango. Ko nan ma a duba doka, don jihar New Jersey ta Amurka ta taƙaita yawo da mai ramin. Harsashin .380 kuwa, wanda bai kai 9mm ƙarfi ba, yana kan gaɓa: idan ya buɗe sosai sau da yawa ba ya nutsewa yadda ake so.

Duk harsashin da aka zaɓa, sai an gwada shi a ainihin bindigar da za ta ci shi. Masu koyarwa da yawa kan ba da shawarar a harba ɗari ko fiye da kowane magazin, ba tare da cijewa ko sau ɗaya ba, domin faffaɗan bakin mai rami yakan tokare a hanyar shiga a wasu bindigogin. Mai alamar +P yana da ƙarin matsi, sai littafin bindigar ya amince da shi. Akwai kuma wani lahani da ido ba ya saurin gani: harsashin da ake ta ɗanawa ana cirewa kullum, kansa yakan nutse cikin kwanso a hankali, matsin albarushi ya ƙaru. A jera shi da sabo a kan tebur. Idan ya gajarta, a fitar da shi daga aiki.

Wani gwaji mai sauƙi yana tona asirin zaɓi. A sa aboki ya cusa harsashin bogi na roba guda, wanda ba ya tashi, a tsakiyar magazin ba tare da mai harbi ya san wurin ba. Idan aka iso kansa aka ga bakin bindiga ya duƙa ƙasa alhali ba abin da ya tashi, to mutum yana tsoron shurinta ne, kuma shi ya sa harbin mai amfani da hannun dama ke sauka ƙasa ta hagu. Maganin ko dai ƙarin horo, ko a sauko zuwa harsashin da hannu zai iya.

Cikin kuɗin da aka ware kuma a lissafa kube mai tauri da ke rufe kunama ruf, da akwatin ƙarfe mai makulli, musamman a gidan da yara ke kai-komo.

A nan za mu dakata. Sai a kasance tare da mu don jin labaran duniya.