Ƙaramin t da babban T: abin da nm ya nuna mana a Aboabo

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Yau ina magana da ku ne daga Aboabo a Kumasi, a shagon wani abokina mai gyaran kwamfuta, inda wani ɗalibi ya same ni da matsalar da ta hana shi barci. Ya rubuta wani aiki, wato function, da harshen C, ya saka shi cikin laburare mai ƙarewa da .a, amma duk sanda ya zo haɗa manhajarsa sai mahaɗin, wato linker mai haɗa sassan manhaja, ya ce bai san sunan aikin ba. Na ce masa, "Ƙanena, kafin ka ɗora wa kwamfuta laifi, bari mu tambayi nm."

Ku dubi allon nan. Umarnin nm yana jero sunayen da ke cikin fayil ɗin manhaja ko laburare. Tsoho ne, tun Unix na farko a 1971 yake, kuma wanda muke amfani da shi a Linux yana cikin GNU Binutils. Kowane layi yana ɗauke da adireshi, sai harafi ɗaya, sai suna, kuma labarin duka yana cikin harafin nan. T yana nufin aikin yana zaune a cikin fayil ɗin. U kuwa, wanda za ku ga babu adireshi a gabansa, yana nufin fayil ɗin yana buƙatar sunan amma daga wani wuri zai zo, kamar printf da ke cikin libc, laburaren harshen C na asali. D bayanan da aka ba ƙima ne tun farko, B waɗanda ƙimarsu take farawa a sifili, R kuma na karantawa kawai. W suna ne mai rauni, wanda yake janyewa idan an sami mai ƙarfi.

To, ga sunan aikin ɗalibin nan, kuma t ɗinsa ƙarami ne. A yawancin alamomin, babban harafi na kowa ne, ƙarami kuma na cikin gida ne, wato sauran fayiloli ba su da ikon kiransa. Ashe ya rubuta static, kalmar da ke mayar da aiki na cikin gida, a gaban aikin ya manta. A ganina wannan bambanci ya fi haddace jerin haruffan amfani.

Idan laburaren .so ne, ku ƙara -D, domin sau da yawa an share babban teburin sunayensa. Idan kuma na C++ ne, -C zai warware sunayen da suke farawa da _Z, ya mayar da su yadda za a iya karanta su.

Ɗalibin ya goge static, ya sake haɗawa, ga T babba ya fito.