Darasi: Cutar Ciyawa, Mai Tsayar Da Hanjin Doki

To jama'a, barkanmu da warhaka. Malam, riƙe min linzamin nan, kada ya juyo.

Yau ciwon da Turawa ke kira cutar ciyawa za mu duba. A Sikotilan aka fara gane shi, wajen garin Dandi (Dundee), cikin dawakin soja, farkon ƙarni na 20, kuma har yau a Biritaniya ya fi ɓarna, musamman watan Mayu. Shi ya kashe Dubai Millennium, dokin tseren Sheikh Mohammed na Dubai, a 2001. Jijiyoyin da ke sa hanji motsi su ke lalacewa, sai abinci ya tsaya cak. Ya fi kama doki mai shekara 2 zuwa 7 da ke kiwo a fili.

Sauraron ciki kun iya, ba sai na nuna ba: za ka ji shiru, babu ƙugi. Bugun jini kuma, sa yatsu ƙarƙashin muƙamuƙi. A'a, ba nan ba, tsaya, ɗan gaba kaɗan, inda jijiyar ta haye ƙashi. Lafiyayye 28 zuwa 44 a minti. Mai wannan cuta sai ya haura 60 alhali yana tsaye shiru, ba ya birgima kamar mai ciwon ciki na yau da kullum.

To ga abin da ya daɗe yana ba ni wahala: ido. Kada ka tsaya ta gefe. Tsaya gabansa sosai, ka dubi gashin ido. Na wannan dokin, kun gani, a miƙe yake waje. Na mara lafiya yakan sunkuya ƙasa, domin fatar idon ta saki, duka biyun. Ni da farko na ɗauka barci kawai dokin ke ji, wallahi sai da malaminmu ya kama kafaɗata ya juyo da ni. Likita kan ɗiga maganin phenylephrine a ido ɗaya, bayan minti 30 a gwada da ɗayan. In ya ɗaga, alama ce.

Sauran: zufa tsilli-tsilli, rawar jiki, dalala, kashi ƙanana busassu da majina, wani lokaci koren ruwa ta hanci.

Don Allah kada a yi masa ɗura, ba ya iya haɗiya, huhu zai wuce. Mai tsananin cutar ba ya rayuwa. Mai sauƙin ne ake jinya, a riƙa ba shi abinci mai laushi kaɗan-kaɗan. Malam, sake shi haka nan.