In Katin Ghana Ya Isa, To Ya Isa Mana

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Makon jiya wata baiwar Allah mai sayar da koko a Aboabo ta tare ni da leda cike da takardu. Ɗiyarta ta samu gurbi a jami'ar KNUST, nan cikin Kumasi. Sau uku yarinyar tana zuwa shagon intanet don cike fom na neman tallafi, kowane zuwa da kuɗin mota da na mai shago, har yau maganar ba ta ƙare ba. Ta ce mini, "Malam, me kuma suke so?" Wallahi ni ma tambayata ke nan.

Ba mu manta ba. A da, ɗalibi ba ya samun rancen karatu sai ya kawo mai tsaya masa, galibi ma'aikaci mai zubi a SSNIT, asusun fansho na ƙasa. A zango ina za ka samo shi? Mu teloli ne, direbobi, 'yan kasuwar Kejetia. A 2022 aka soke wannan sharaɗi, aka ce Katin Ghana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ya wadatar. Madalla. A 2025 gwamnatin Mahama ta ɗauke wa 'yan ajin farko na manyan makarantun gwamnati kuɗin karatu. Shi ma madalla.

To in katin ya isa, ya isa mana! Sunan yarinya na ciki, da ranar haihuwarta, da hotonta, da zanen yatsunta. Sakamakon jarrabawarta na hannun WAEC. Jami'a ta san ta ɗauke ta. Don me rance da fom ɗinsa, sikolashif da nasa, tallafin makaranta da nasa, kowanne yana sake tambayar abin da gwamnati ta riga ta sani? Sannan a tambayi abin da iyaye ke samu. Mai koko tana da takardar albashi ne?

Za a ce tsaurin don 'yan damfara ne. Haba! Ɗan damfara yana da mai cike masa. Wadda ke gajiya ta haƙura ita ce ɗiyar mai koko.

Na yarda rance bashi ne, dole a san inda za a bi mai shi. Ai lambar katin ke nan. A yi fom ɗaya, a kan waya, yarinya ta sa lamba, ofisoshi su nemi sauran a tsakaninsu. Uwar ta ce mini ranar Litinin za su koma shagon, karo na huɗu.