Hannun haƙa na gida: ba famfo ne matsalar ba

Assalamu alaikum jama'a. Tun da bidiyon nan ya fara yawo a WhatsApp, na bawan Allahn da ya ƙera hannun haƙa ya ɗaura a bayan tarakta, ya kafa bokiti a ƙasa amma sai karce kawai yake yi kamar kaza tana tono, saƙonni suke ta shigo mini. Kusan kowa bakinsa ɗaya: a sa masa babban famfon mai. Har da wanda ya ce shi ma tasa haka take, ya riga ya tura kuɗi a sayo masa. Malam, in ba a sayo ba tukuna, a dakata. Ku biyo ni gareji.

Mu dai duk katafila muke ce musu, amma irin wannan asalinsa ɗaurawa ake yi. Kamfanin Wain-Roy na jihar Masacuset a Amurka ya gwada nasa a 1947, ya fara sayarwa a 1948 a bayan taraktar Ford. JCB na Ingila ya fito da nasa a 1953. Don haka mai walda da ya ce zai ƙera nasa bai ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Ga kayan a shimfiɗe. Gindi mai juyawa hagu da dama, babban hannu, ƙaramin hannu, bokiti, sai ƙafafu biyu da za su dafe ƙasa. Faif mai kusurwa huɗu na ɗauko a Ƙofar Ruwa, kaurin jikinsa milimita 6. Mutanen Kaduna, Panteka ta ishe ku. Silindojin, wato bututun da mai ke tura sanda a cikinsu, tsofaffi ne na saya, na canza musu roba. A auna, a yanka, a goge baki. Wannan kowane yaron shago ya iya, ba zan tsaya ba.

Yanzu ga inda ake ɓata.

Famfo tura mai yake yi, shi ke nan aikinsa. Babban famfo yana tura mai da yawa a minti ɗaya, ƙarami yana tura kaɗan. Abin da wannan ke canzawa shi ne sauri. Ku dubi silindar nan: faɗin cikinta inci biyu da rabi, sandarta na fita santimita 50. In famfo na ba ta lita 20 a minti, cikin daƙiƙa biyar za ta gama buɗewa. In kun ninka zuwa lita 40, daƙiƙa biyu da rabi. Ta yi sauri, amma ƙarfin da take dannawa da shi bai ƙaru ko da kilo ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga mota da jak ya san wannan a hannunsa. Ko ka buga hannun jak a guje, ko a hankali, nauyin da zai iya ɗagawa ɗaya ne.

Ƙarfin silinda abu biyu ne ke haifar da shi: matsin man, da faɗin fuskar fistin da man ke dannawa. Ga geji, ku kalli allurar. Ta tsaya a bar 150 (bar shi ne ma'aunin matsi), domin a nan aka ɗaure bawul ɗin da ke sakin mai idan matsi ya kai iyaka. Bar 150 a kan fistin mai inci biyu da rabi, kusan tan 4.8 ke nan. Wannan lokacin da take turawa ne. In tana ja, sandar ta cinye wani ɓangare na fuskar fistin, sai ƙarfin ya sauko wajen tan 3.6. Shi ya sa silindar ƙaramin hannu da ta bokiti ake ɗaura su yadda za su riƙa buɗewa a lokacin da ake cizon ƙasa.

To ina tan 4.8 ɗin yake tafiya har bokiti ya kasa tsaga ƙasa? Ku matso da kyamara nan.

Wannan ramin shi ne gaɓa, inda ƙaramin hannu yake lanƙwasawa. Wannan na sama kuma nan bakin silinda yake kamawa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce dukan zancen yau. Kun san yadda direba ke yi in notin taya ya ƙi kwancewa: sai ya zura faif a jikin sifana ya taka can ƙarshe. Ƙafarsa ce dai, nauyinsa ne dai, nisa kawai ya ƙara. A hannun haƙa abin a juye yake. Silinda ce take riƙe da gajeren gefe, haƙoran bokiti suna can dogon gefe, don haka ƙarfi raguwa yake yi kafin ya kai ƙasa.

Mu lissafa a nawa. Daga gaɓa zuwa haƙori santimita 125. Daga gaɓa zuwa layin silinda santimita 25. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan, sai tan 4.8 ya koma kusan tan ɗaya a bakin haƙori. Da na huda ramin a santimita 15, da abin da zai isa ƙasa bai kai kilo 600 ba. Santimita goma kacal, tsawon ɗan yatsa da 'yan kai, ta kwashe kashi biyu cikin biyar na ƙarfin. Ku koma bidiyon bawan Allahn nan ku tsayar da shi daidai gaɓar. Kunnen da ya yi wa silinda gajere ne, ya kusa mannewa da fin, wato ƙarfen da aka zura a ramin gaɓa. Ni a ganina nan ne ciwonsa, kuma na ji masa, domin waldarsa tana da kyau ƙwarai.

Kun lura na ce layin silinda, ban ce ramin ba? Ga zare, na ja shi daga gindin silinda zuwa bakinta. Abin da za ku auna shi ne mafi gajartar nisa daga tsakiyar gaɓa zuwa wannan zaren. Kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ku kalla ina motsa hannun. Nan zaren ya yi nisa da gaɓa, ƙarfi ya cika. Ina ci gaba da lanƙwasawa, ga shi yana matsowa, yana matsowa. A nan ya kusa bin ta kan fin, silinda za ta yi ta gurnani, mai ya yi zafi, haƙori bai motsa ba. Abin da ake so shi ne wurin da ƙarfi ya fi cika ya faɗo daidai tsakiyar haƙa, lokacin da ƙaramin hannu yake kusan tsaye a cikin rami.

Wani zai ce to a kai ramin can nesa mana, a huta. In ka yi nisa da yawa, sandar silinda za ta ƙare kafin hannu ya gama zagayensa. Ka samu ƙarfi, amma bokiti ba ya miƙewa, ba ya naɗowa. Sai an daidaita.

Ga yadda nake daidaitawa, kuma ba na huda ƙarfe sai na yi wannan. Na yanka siffar hannun a falankin katako, daidai girmansa, na shimfiɗa a ƙasa. Ƙusoshi su ne fin. Sanduna biyu masu zamewa a jikin juna su ne silinda, na yi musu alama a rufe da kuma a buɗe. A motsa, a auna, a cire ƙusa, a matsar da ita, a sake. Ku ga ramukan da ke jikin katakon nan, sai a na bakwai na gamsu. Da a ƙarfe ne, da kunne bakwai na yanke.

Wata alfarma nake roƙo: kada wanda ya ji maganar matsi ya je ya ƙara ɗaure bawul ɗin sakin mai. Tiyo da roba da famfo kowanne yana da iyakar da aka rubuta masa. Kuma in kuna zargin yoyo, kwali za ku kara a wurin. Man da ke fita ta ƙaramar huda da irin wannan matsin yana ratsa fata ya shige nama, aikin tiyata ne na gaggawa ko da ramin bai fi tsinin allura ba.

Saura da sauri. Bushin biyu na kowace gaɓa, wato zobban ƙarfen da fin ke shiga ciki, a zura sanda ɗaya ta ratsa su kafin a ɗiga walda, a riƙa yi gefe da gefe don kada zafi ya ja su. Kowane fin a ba shi bakin giris. Wajen ɗaurawa kuma, ni ban yarda a rataya shi a hannuwan garma uku kaɗai ba, domin jijjigar haƙa tana iya tsaga jikin tarakta. Na yi masa firam da ya shiga ƙarƙashi ya kama da noti.

Ga mu a bayan gida, ƙasar rani ce, ta bushe ƙamas. Famfon nan dai na lita 20 ne, ban taɓa shi ba. Ƙafafu sun sauka. A kori yara su koma bakin ƙofa. Bismillah, ku kalli haƙoran.