Saukowa ma tana cikin hawa: lacca ga matasan Agege

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, 'yan uwana matasa, sannunku da fitowa.

Nan Legas a bakin teku muke, ba mu da ko irin Dala. Amma yau zancen Everest zan yi muku, dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya, mita 8,849, a iyakar Nepal da ƙasar Sin.

Ranar 29 ga Mayu, 1953, aka fara taka ƙololuwarsa. Mutum biyu ne, Edmund Hillary da Tenzing Norgay. Na biyun nake so ku riƙe. Ɗan dako ne! A 1935 ya fara bin Turawa dutsen nan da kaya a baya, kamar yadda ɗayanku ke sunkutar kwandon tumatir a kasuwar Mile 12. Sau shida yana zuwa yana dawowa. A 1952 saura ƙiris, bai kai mita 300 ba, dole ya juyo. Sai a na bakwai Allah ya nufa.

Ga abin da ya fi taɓa ni. Can sama iska ta yi ƙaranci. Abin da numfashi ɗaya ke ba ka a ƙololuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda muke shaƙa yanzu a zauren nan. Saboda haka ba a hawa a miƙe. Za ka hau zango na gaba, ka sauko ka kwana ƙasa, ka sake hawa, ka sake saukowa, makonni ana haka har jini ya saba. Wanda ya ce shi jarumi ne ba zai sauko ba, sau da yawa saukowa da shi ake yi.

Shi ya sa zuciyata ta karye da wani ƙanenmu. Da aka hana acaba a 2022 aka ƙwace mashin ɗinsa, ya koma dako. Wata uku bai kira mahaifiyarsa ba don kunya. Na gan shi da gammo a ka, yana kauda fuska kada mu haɗa ido. Na ce, "Ƙanena, ka taɓa ganin mahayin da ya ji kunyar zangonsa?" Na miƙa masa wayata, na tsaya a wurin har ta ɗauka.